Feshin Himogulobin da Gyambon Ƙafar Mai Ciwon Sukari

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar noma irin ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san cewa rauni a ƙafa ba baƙon abu ba ne. Ƙaya tana sukar manomi, kututturen dawa yana tsire shi bayan girbi, fartanya takan kuskure ta sare shi, hunturu kuma ya tsattsaga masa dunduniya da faso. Ga mai cikakkiyar lafiya, kwana goma ko sati biyu sun ishi irin wannan rauni ya kame ya yi ɓawo. Ga mai ciwon sukari kuwa, ɗan sartsen da bai taka kara ya karya ba yana iya ɗaukar watanni yana ruwa, ya rikiɗe ya zama gyambo, har ta kai ga likita ya ce sai an yanke ƙafar.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata dabara da masana suka fito da ita don taimaka wa irin wannan gyambo ya warke, wato fesa sinadarin himogulobin a kan mikin. Sinadarin nan shi ne ya sa jini ya zama ja. To, me ya haɗa jan jini da warkewar miki? Amsar tana cikin darasin da kowane ɗalibin kimiyyar halittu ya taɓa yi a aji: yadda iskar oksijin ke tafiya a cikin jiki.

Girman matsalar

Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manyan mutane miliyan 537 ne ke da wannan ciwo a faɗin duniya, kimanin miliyan 3.6 daga cikinsu a Nijeriya. Masana sun ƙiyasta kuma cewa daga cikin kowane mutum 100 masu ciwon, tsakanin 19 zuwa 34 za su gamu da gyambon ƙafa a tsawon rayuwarsu.

A nan gida, an gudanar da wani bincike mai suna MEDFUN daga 2016 zuwa 2017 a manyan asibitoci shida na Nijeriya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. An bi diddigin majinyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa. Kashi 35.4 cikin ɗari daga cikinsu sai da aka yanke musu yatsa ko wani sashe na ƙafa, kashi 20.5 cikin ɗari kuma suka rasu. Wato a kowane mutum uku an yi wa ɗaya yanka, a kowane biyar kuma an rasa ɗaya. Mafi yawansu sun iso asibiti ne bayan mikin ya riga ya yi zurfi. Ga magidanci da ke ci da gumin gonarsa, rasa ƙafa rasa abincin iyali ne.

Yadda ciwon sukari ke cin ƙafa

Idan sukari ya daɗe yana da yawa a cikin jini, yakan yi wa ƙafa ɓarna ta fuska uku.

Ta farko, yana lalata jijiyoyin ji, wato waɗanda ke kai saƙon zafi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa. Da farko mutum zai riƙa jin ƙafarsa tana yi masa kamar tafiyar kiyashi, ko tana zafi da dare. A hankali sai ta daina jin komai. Mai irin wannan ƙafa yana iya wuni da tsakuwa a takalmi bai sani ba, ko ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta a lokacin sanyi ta ƙone bai ji ba. Zafi mai gadi ne. Idan mai gadi ya yi barci, ɓarawo ya samu hanya.

Ta biyu, yana tsuke jijiyoyin jini, manya da ƙanana, ta yadda jinin da ke isa ƙafa zai ragu. Ita kuwa ƙafa dama ita ce mafi nisa daga zuciya.

Ta uku, yana raunana fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki. Idan ta tsage, ga dakaru babu ƙarfi, sai ƙwayoyin cuta su shiga su yi kaka-gida, wani lokaci har su kai ga ƙashi.

Me miki yake yi da iskar oksijin?

Warkewar miki aikin gini ne, kuma kusan kowane mataki nasa yana buƙatar oksijin.

Da fari, ƙwayoyin halittar da ke gefen miki dole su rarrabu su ƙara yawa, su yi tattaki su rufe wurin. Wannan yana cin ƙarfi, kuma da oksijin ne ƙwayar halitta ke ƙona sukari ta sami mafi yawan ƙarfinta. Na biyu, fararen ƙwayoyin jini suna sarrafa oksijin su mai da shi wasu sinadarai masu guba, da su suke kashe ƙwayoyin cutar da suka haɗiye. Na uku, jiki yana cike ramin miki ne da wani furotin mai kama da zare da ake kira kolajin. Zaren nan ba ya tufkuwa ya yi ƙwari sai an sami oksijin da sinadarin ƙarfe da bitamin C. Na huɗu, tsirowar sababbin siraran jijiyoyin jini a cikin sabon nama ita ma tana buƙatarsa.

Ke nan miki ya fi lafiyayyar fata buƙatar oksijin, alhali a ƙafar mai ciwon sukari hanyar da ke kawo shi ta tsuke. Buƙata ta ƙaru, kaya sun ragu. Shi ya sa aikin ginin ke tsayawa cik.

A nan ɗalibi mai kaifin tunani zai yi tambaya. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, miki kuma a buɗe yake. Me ya hana shi ɗiba kai tsaye daga iska? Abin da ya hana shi ne ruwan da ke kwance a fuskar mikin. Oksijin ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma bazuwarsa a cikin ruwa ta fi bazuwarsa a cikin iska jinkiri kamar sau 10,000. Saboda haka ɗan ruwan da bai kai kaurin farce ba ya isa ya zama katanga. Malami yana iya nuna wa ɗalibansa wannan a aji: ya buɗe kwalbar turare a kusurwa ɗaya, sa'an nan ya ɗiga shuni a gindin kofin ruwan da ba ya motsi. Ƙamshi zai game ɗakin, shunin kuwa yana nan kusa da inda aka ɗiga shi. Gaskiya ne motsin iskar ɗaki yana taimaka wa ƙamshin, amma bambancin zai zauna a zukatan yara.

Busar da mikin ba mafita ba ne, domin sababbin ƙwayoyin halitta ba sa rayuwa a busasshen wuri. Abin da ake buƙata shi ne wanda zai ƙetarar da oksijin ta cikin ruwan.

Mene ne himogulobin?

Ɗalibanmu sun san wannan suna ta hanyar cutar sikila, wato amosanin jini. Haruffan AA da AS da SS da ake rubutawa bayan gwajin jini suna nuni ne ga irin himogulobin ɗin da mutum ya gada. Furotin ne da ke cike da jajayen ƙwayoyin jini. Kowace ƙwaya ɗaya tana ɗauke da molikul ɗinsa, wato ƙwayar sinadarinsa, kimanin miliyan 270. Kowane molikul yana da sassa huɗu, kowane sashe da ƙwayar zarrar ƙarfe guda a tsakiyarsa, kuma kowace tana riƙe molikul ɗaya na oksijin. Masanin da ya gano siffarsa shi ne Max Perutz na Jami'ar Kambirij a Ingila, a 1959, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a 1962.

Hikimar da ke cikin wannan sinadari ita ce, yana kama oksijin a inda yake da yawa, ya sake shi a inda ya yi ƙaranci. A huhu ya yi lodi, a gaɓoɓi ya sauke. Mililita 100 na jinin da ya fito daga huhu yana ɗauke da oksijin kusan mililita 20, amma wanda ya narke a ruwan jinin kawai bai wuce 0.3 ba. Sauran duk himogulobin ne ya ɗauko.

Wannan aiki bai dogara ga huhu ba. Mai karatu ya lura da nama a teburin mahauci: inda aka yanka iska ta taɓa yakan yi ja wur, cikinsa kuwa ja ne mai duhu. Wani ɗan'uwan himogulobin ne da ke cikin tsoka, mai suna mayogulobin, ya kama oksijin kai tsaye daga iska.

Gwajin Scholander

A shekarar 1960 wani masanin halittu mai suna Per Scholander, wanda ke aiki a Kaliforniya ta Amurka, ya wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙi. Ya jiƙa wata siririyar matata da ruwan himogulobin, ya sa iska a gefe ɗaya, ya zuƙe iskar ɗaya gefen, sa'an nan ya auna abin da ke ƙetarewa. Sai ya ga oksijin yana ƙetarewa fiye da yadda lissafin bazuwa ya nuna, a wani yanayi har ninki takwas. Iskar naitirojin kuwa, wadda himogulobin ba ya kama ta, ba ta sami wannan ƙari ba. Wani masanin, Jonathan Wittenberg, ya yi irin wannan bincike a waɗannan shekaru, ya kuma nuna cewa kai da kawowar molikul ɗin himogulobin ɗin ne ke yin jigilar.

Misalin wannan shi ne rafi idan ya kawo a tsakiyar damina. Mutane sun taru a gaɓa, ƙalilan ne masu iya iyo da za su ƙetare da kansu. Sai ga ɗan fito da kwalekwalensa mai cin mutum huɗu: ya ɗauka a gaɓar da jama'a suka cika, ya sauke a waccan, ya dawo wayam ya sake ɗauka. Shi ba ya ƙarewa, kuma ba shi ya kawo fasinjojin ba. Haka himogulobin yake a cikin ruwan miki. Iska ce ke ba da oksijin, shi nasa fito.

Daga ɗakin gwaji zuwa asibiti

An ɗauki shekaru masu yawa kafin a yi tunanin amfani da wannan a kan miki. Wanda ya yi fice a wannan fage shi ne Farfesa Wolfgang Barnikol na Jami'ar Mainz a Jamus, wanda ya daɗe yana neman hanyar haɗa abin da zai maye gurbin jini. Daga wannan aiki ne aka sami maganin feshi mai suna Granulox, wanda ya shiga kasuwar Turai a 2012. A 2018 kamfanin Mölnlycke na ƙasar Suwidin ya sayi kamfanin SastoMed mai sayar da shi.

Ruwa ne ja da aka tace, kashi 10 cikin ɗari nasa himogulobin ne, ba tare da ƙwayoyin jini ba. Ma'aikacin jinya yakan fara kankare mataccen nama, ya wanke mikin tas, sa'an nan ya fesa maganin sama-sama, ya rufe da bandejin da iska ke ratsawa. Idan aka rufe da abin da ba ya barin iska, an bar ɗan fito babu fasinja ke nan. Ana maimaitawa duk lokacin da aka sake bandeji, kada a wuce kwana uku, domin furotin ɗin yana lalacewa a hankali.

Akwai wasu hanyoyin na ƙara wa miki oksijin. Ɗaya ita ce a shigar da majinyaci wani ɗaki na ƙarfe ya shaƙi tsantsar oksijin a ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar waje sau biyu ko fiye. Wata kuma ita ce na'urar da ke hura oksijin a kan mikin. Fifikon feshi a kansu shi ne sauƙi: gwangwani ne da ake riƙewa a hannu.

Abin da bincike ya nuna

A 2013 likitoci a birnin Prague na Jamhuriyar Cek sun ba da rahoton gwaji a kan mutum 72 masu gyambon ƙwauri, irin wanda rashin komawar jini zuwa zuciya ke haddasawa. An raba su gida biyu. Bayan sati 13, faɗin mikin waɗanda aka fesa wa ya ragu da fiye da rabi kaɗan, na ɗaya rukunin kuwa bai ragu ba.

Game da ciwon sukari, an wallafa wani bincike daga Ingila a 2016. An fesa wa mutum 20 maganin tare da jinyar da aka saba, aka kwatanta su da wasu 20 da aka yi wa jinyar da aka saba kaɗai. A sati na 4, mikin rukunin farko ya ragu da kashi 63 cikin ɗari, na biyu da kashi 26. A sati na 28 kuwa, kashi 95 ne da 63.

Waɗannan alƙaluma suna da ƙarfafa gwiwa, amma ɗalibin kimiyya ya kamata ya koyi yi wa kowane sakamako tambayoyi. Mutum nawa aka gwada? Arba'in kaɗan ne. Yaya aka zaɓi rukunin kwatanci? A binciken Ingila daga tsofaffin fayilolin asibiti aka ɗebo su, ba ƙuri'a aka jefa ba. Shin masu aunawa sun san wanda aka fesa wa? Ruwa ne ja, ɓoye shi yana da wuya, kuma wanda ya san yana gwada sabon abu yakan ƙara kula da majinyacinsa ba tare da ya ankara ba. Saboda irin waɗannan dalilai ne ake ɗaukar maganin a matsayin mataimaki. Kwamitin ƙasa da ƙasa na masana ƙafar mai ciwon sukari, a jagoransa na 2023, ya ce ana iya duba yiwuwar ƙara wa miki oksijin ta waje idan jinyar da aka saba ta gaza, kuma akwai halin yi.

Idan aka kawo shi ƙasarmu

Abubuwa uku ne za su tsaya wa wannan magani a yanki kamar namu.

Na farko ajiya. Furotin ne, zafi yana ɓata shi, a firji ake adana shi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. A bazararmu kuwa zafi yakan doshi digiri 40, ga ƙarancin wutar lantarki. Sai dai inda ake da firjin alluran rigakafi mai aiki da hasken rana, an san yadda ake shawo kan irin wannan.

Na biyu kuɗi. A Turai ake yin sa, kuma jinyar gyambo ta makonni ce.

Na uku, kuma dole a faɗe shi a fili tun da yawancin jama'armu Musulmi ne: daga jinin alade ake tace himogulobin ɗin da ke cikin Granulox. An zaɓe shi ne saboda yana kama da na ɗan Adam ƙwarai, ga shi da yawa a mayankun Turai. A fuskar kimiyya, tacewa tana fitar da ƙwayoyin jini da na cuta, amma furotin ɗin yana nan yadda yake. Haƙƙin majinyaci ne likita ya sanar da shi wannan kafin a fesa masa, hukuncin lalura kuwa fagen malamai ne. Tarihi ya nuna cewa kimiyya takan sami wata hanya. Insulin ma daga jikin shanu da aladu ake samo shi shekaru da dama, har zuwa 1982 da aka fara sayar da irin na ɗan Adam wanda ƙwayoyin baktiriya ke haɗawa. Haka kuma kamfanin Hemarina na Faransa, wanda Franck Zal ya kafa a 2007, ya yi bincike a kan himogulobin ɗin wata tanar bakin teku, wanda molikul ɗinsa guda ke ɗaukar oksijin 156 maimakon huɗu.

Abin da ke hannunmu

Feshi ba ya buɗe jijiyar da ta toshe, ba ya kashe cutar da ta kai ƙashi, ba ya kuma sauke sukari. Ginshiƙan jinya suna nan yadda aka san su: daidaita sukari, kankare mataccen nama, maganin ƙwayoyin cuta, gyara hanyar jini, da ɗauke nauyi daga kan mikin. Wanda ke taka gyambonsa kullum yana matse jinin da ya rage a wurin ne, yana rushe abin da jiki ya gina da dare. Taba sigari tana ƙara tsuke jijiyoyi. Ƙarancin jini kuma yana rage himogulobin ɗin da mutum yake da shi kyauta a jikinsa, don haka a gwada, a kuma kula da abinci irin su hanta da wake da zogale.

Mai ciwon sukari ya duba ƙafarsa kowace rana, har tafin da tsakanin yatsu. Lokacin alwala dama ce mai kyau, a kuma tsane ƙafar bayan an gama. Kada ya yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Kada ya yanke kanta da reza, kada ya bari a yi wa kumburi sakiya ko tsaga. Maganar da ake yi cewa irin wannan ciwo daji ne da ba ya son allura ta jawo asarar ƙafafu da yawa.

Idan miki ya ɓulla, a je asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu. Likitoci suna da ma'auni: mikin da bai ragu da rabi ba bayan sati huɗu na jinya, da wuya ya rufe ba tare da an sake dabara ba. A nan ne ake neman a tura majinyaci gaba, daga asibitin ƙauye zuwa babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, daga nan zuwa Shika ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A shekarun da matsalar 'yan bindiga ta yi tsanani a wannan yanki, mutane da yawa sun ga yadda tafiyar sa'a guda ke zama ta kwanaki. Wannan ya ƙara nuna muhimmancin a gano ciwo da wuri tun a gida.

Kammalawa

Mun ga cewa gyambon mai ciwon sukari miki ne da ke fama da ƙishin oksijin, kuma feshin himogulobin dabara ce ta ƙetarar da wannan iska ta cikin ruwan miki. Sakamakonsa na farko yana da kyau, ana kuma buƙatar manyan gwaje-gwaje don tabbatar da shi. Ga ɗalibai, abin lura shi ne yadda gwajin matata da ruwan jini na 1960 ya zama magani bayan shekara 52. Kafin irin wannan magani ya wadata a ƙasarmu, akwai aikin da ɗalibi zai iya farawa yau. Idan akwai mai ciwon sukari a gidanku, musamman tsohon da idonsa ya yi rauni, ku riƙa duba masa tafin ƙafa kowane maraice, ku kuma gaya wa manya duk abin da kuka gani.